Yadda Ake Haɗa Kujera 'Yar Tsugunno a Gida

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe ka rasa kujera 'yar tsugunno. A kanta uwargida take tuƙa tuwo, a kanta take wanke-wanke da tsintar shinkafa. Ita ake miƙa wa makitsiya, ita dattijo yake jawowa idan zai yi alwala gwiwa ta ƙi. A da aikin masassaƙa ne: su samu guntun icce guda, su bi shi da gatari da gizago har kujera ta fito, babu ƙusa, babu haɗi. Yau mafi yawan waɗanda ke tsakar gidajenmu kafinta ne ya buga su da falanki, sauran kuma na roba ne da rana ke gasawa su fashe.

Wanda yake sha'awar koyon aikin katako a gida, shawarata ya fara da wannan kujera. Ƙarama ce, guntun katako biyar ne kacal, amma duk abin da ke cikin gado da tebur da kabad yana cikinta: awo, yanka, haɗi da gogewa. Kuma ba ta ɓoye laifi. Idan awonka ya kauce, kana ajiye ta a ƙasa za ta faɗa maka. Tawa ta farko haka ta fito tana ɗingishi, har yaran gida suka raɗa mata suna Gurguwa. Na daɗe ina zargin guduma da ƙusa, sai daga baya na gane cewa tun kafin in buga ƙusar farko na riga na ɓata aikin: katakon ɗanye ne, layukana kuma da ido na ja su.

Kayan aiki

Ba ka bukatar inji ko shago. Ka tanadi zarton hannu mai kaifi, da guduma irin wadda bayanta ke cire ƙusa, da tef na awo, da sukwaya, da fensir, da samfefa iri uku, mai lamba 80 da 120 da 180. Sai ƙusa mai inci 2 kamar guda 30, da farin gam na katako irin Top Bond, da banish ƙaramin gwangwani, da tina, da burushi mai faɗin inci 2. Idan kuɗi ya gaza, ka rage a ko'ina amma ban da zarto da sukwaya. Dakusasshen zarto yana gajiyar da hannu, yana kuma kauce wa layi. Sukwaya kuwa ita ce alƙalin aikin. Ka gwada ta tun a shago: ɗora ta a gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka juya ta ɗaya ɓarin ka sake ja a wuri guda. Idan layukan biyu sun hau juna, tana da gaskiya. Idan sun buɗe baki, mayar wa mai shago abarsa.

Sayen katako

Kowane babban gari yana da 'yan katakonsa. A Kano akwai na Na'ibawa da na Rijiyar Lemo, a Yamai ma akwai kasuwar da sunanta ke nan, Katako. Mafi yawan falankin da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan kudu ake hauro da shi, kuma da inci da ƙafa ake cinikinsa. Abin da za ka nema shi ne wan-bai-twelb, wato kauri inci 1, faɗi inci 12. Cikakken falanki ƙafa 12 ne, yana fitar da kujera uku. Kujera ɗaya ƙafa 4 ta ishe ta, kuma sau da yawa akan samu guntaye wajen kafintoci da araha. Ka tafi da tef ɗinka, domin sunan falanki daban, ainihin faɗinsa daban. Wani ana ce masa 12 amma da ƙyar ya kai 11.

Ga mai koyo, afara ko melina sun fi dacewa: zarto yana cin su da sauƙi, suna karɓar ƙusa ba tare da gardama ba. Obeci ya fi su laushi da rashin nauyi, sai dai ba ya jure wahala, ƙwaro kuma yana son sa. Iroko da maɗaci suna da ƙarko da kyau, iroko ma gara ba ta cika damun sa ba, amma suna da tsada da tauri, kuma suna lanƙwasa ƙusa idan ba a fara huda musu rami ba. Ka bar su sai hannu ya faɗa.

Kada ka bari a zaɓa maka. Ɗaga falankin da kanka, ka kanne ido ɗaya ka hango shi daga wannan kai zuwa wancan, kamar mai duba sandar rake. Wanda ya kantare ko ya murɗe, ajiye shi. Duba bakinsa ko ya tsage. Duba jikinsa ko akwai 'yan ƙananan ramuka masu zubar da gari kamar fulawa. Wannan ƙwaro ne a ciki, kuma ba zai daina ci ba don ka shafa banish. Ka guji manyan ƙulli, musamman a gefe, domin nan katako yake karyewa. Kafin ka bar kasuwa, ka kai wa masu inji su goge maka fuskokin biyu da gefe guda. Kuɗi kaɗan ne, yana kuma rage maka wahalar yini guda. Kaurin zai ragu ya koma wajen kashi uku cikin huɗu na inci, ba laifi.

Barin katako ya sha iska

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma shi ya sa ba a yin kujera da ɗanye: idan ba ka tanƙwara shi ba, zai tanƙwara kansa. Katakon da ya fito daga ƙasar ruwa yana zuwa da danshi a cikinsa. Yana haɗuwa da busasshiyar iskarmu, musamman ta hunturu, sai ya fara tsukewa ta faɗinsa, ya kantare, ya tsage daidai wurin ƙusa. Ana gane ɗanye da nauyi, da sanyi a tafin hannu, da kuma garinsa da ke dunƙulewa idan an yanka. Busasshe in ka ƙwanƙwasa shi yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa murya a toshe.

Idan naka yana da sauran danshi, kwantar da shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka sa 'yan sanduna a ƙarƙashinsa don kada ya taɓa ƙasa, ka ɗora masa bulo biyu ko uku. Ba shi mako biyu zuwa uku, kana juya shi. Kada ka shanya shi a rana don sauri: fuskar sama za ta riga ta ƙasa bushewa, ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa.

Awo da zane

Ga guntayen biyar. Saman kujera guda ɗaya, tsawo inci 14, faɗi inci 10. Ƙafafu biyu, kowace tsayi inci 8, faɗi inci 7. Sai maɗaurai biyu, wato 'yan siraran katakon da za su riƙe ƙafafun ta gefe da gefe, kowane tsawo inci 12, faɗi inci 2 da rabi. Idan an gama, tsayin kujera zai kusa inci 9. Idan don tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ƙara wa ƙafafun inci 2 ko 3.

Abu ɗaya da mai koyo yake yawan mantawa shi ne jijiyar katako, wato layukan nan da suke bin tsawon falanki. Ƙarfin katako a bin jijiyarsa yake. Saboda haka a ƙafafu dole jijiya ta tashi tsaye daga ƙasa zuwa sama. Idan ka kwantar da ita, ranar da mai jiki ya zauna ƙafar za ta rabe biyu kamar an fasa itacen girki. A saman kujera da maɗaurai kuma jijiya ta bi tsawo.

Fara da daidaita bakin falanki, domin yankan kasuwa ba kasafai yake miƙewa ba. Jingina sukwaya a gefen da inji ya goge, ja layi kamar rabin inci daga baki, ka yanke. Daga nan duk awo daga wannan baki da wannan gefe zai riƙa tashi. Fiƙe fensir sosai. Layi mai kauri shi kansa kuskure ne. Kuma kada ka zana guntayen duka a jere sannan ka yanka. Zarto yana cin wani abu a kowane yanka, kamar kaurin tsinken ashana, idan ka tara cin nan sau huɗu guntun ƙarshe zai gaza. Auna ɗaya, yanke, sannan ka auna na gaba. Ƙafa ta biyu kuma kada ka sake auna ta da tef: ɗora ta farko a kan katakon ka zana, su fito tagwaye.

Yanka

Ɗora falanki a kan benci ko dakali, wurin yankan ya zarce baki kaɗan, ka danne da gwiwa. Kafa haƙoran zarto a gefen layin, ɓangaren da za a yar, yadda layin fensir zai saura a jikin guntun da kake so. Jingina bayan babban yatsanka a jikin ruwan zarton, sama da haƙora, ka jawo zarton baya a hankali sau uku ko huɗu har ya yi wa kansa hanya. Sannan ka janye yatsa ka fara turawa. Kada ka danna. Nauyin zarto da tsawon bugu su ne ke yanka, ƙarfin damtse karkatar da shi kawai yake yi. Ka riƙa hure gari don ka ga layi. Idan ka kusa ƙarshe, tallafi guntun da hannu ɗaya ka sassauta, in ba haka ba zai faɗi ya yage da ɓalli.

Tsaga katako ta tsawo, wato rage faɗi daga 12 zuwa 10 ko 7, ya fi yankan gicciye cin lokaci. Idan zarto ya fara maƙalewa, cusa ƙusa ko ɗan tsinke a bakin tsagar don ta buɗe, ka kuma goga wa ruwan zarton kyandir.

Saura gindin ƙafafu. A kowace ƙafa, auna inci 2 daga kowane gefe a ƙasa ka sa alama, sannan a tsakiya ka hau inci 2 da rabi ka sa ɗigo. Haɗa alamomin da ɗigon, za ka ga siffar ɗan tsauni. Yanke shi ka fitar. Wannan ba ado ba ne kawai. Tsakar gida da daɓen kicin ba su cika daidaita ba. Dogon baki yana hawa kan tsakuwa ya yi ta rawa, amma 'yan dugadugai huɗu suna samun wurin zama.

Haɗi

Kafin ka taɓa gam, jera guntayen yadda za su zauna ka duba. Nan ne gyara yake da araha. Goge fuskokin ciki da samfefa tun yanzu, domin bayan haɗi hannu ba zai shiga ba.

A kan kowane maɗauri, ja layi inci 1 daga kowane kai. Ƙafa za ta zauna daga cikin layin. Kwantar da maɗaurin a ƙasa ka fara kafa ƙusa biyu a kowane kai har tsininsu ya leƙo kaɗan. Kada su hau jijiya ɗaya, ka ɗan saɓa su. Ga wata dabarar kafintoci: juya ƙusa ka ɗan daki tsininta da guduma kafin ka buga. Ƙusa mai tsini tana raba jijiya kamar gatari, dakusasshiya kuwa murƙushe ta take yi ta wuce, katako ba ya tsagewa.

Shafa gam siriri a gefen ƙafa, daidai inda maɗauri zai kwanta. Kan maɗauri da kan ƙafa su yi daidai, ka shafa da yatsa ka ji babu tudu. Buga ƙusa ɗaya tukuna, sa sukwaya ka tabbatar ƙafar ta tsaya cak, sannan ka buga ta biyu. Haka za ka yi wa kusurwa huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ka kira wani ya riƙe maka. Idan babu kowa, tsohuwar robar tayar babur da aka tsaga tana ɗaure katako tamau.

Yanzu gwaji mafi muhimmanci, kuma gam bai bushe ba za ka yi shi. Auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta a gicciye, ka auna ɗaya gicciyen. Idan sun zo ɗaya, firam ɗinka ya daidaita. Idan ɗaya ya fi tsawo, matse waɗannan kusurwoyi biyu da hannu har su daidaita.

Kifa saman kujera a ƙasa, ka kifa firam a kansa, ka daidaita shi a tsakiya: kan maɗaurai zai bar inci 1 ta kowane ɓangare. Zagaye shi da fensir. Auna inda tsakiyar kaurin ƙafafu da na maɗaurai ya faɗa, ka mayar da awon a fuskar sama da layi marar ƙarfi, don ka san inda ƙusa za ta bi. Shafa gam a kan maɗaurai da kan ƙafafu. Kan ƙafa bakin jijiya ne, yana shanye gam kamar soso, saboda haka shafa sau biyu. Juya kujerar, buga ƙusa uku a kan kowane maɗauri, uku a kan kowace ƙafa. Na ƙafafun ka ɗan karkata su, wannan ta kalli waccan, domin ƙusar da ta shiga bakin jijiya a miƙe ba ta da riƙo. Idan ƙusa ta lanƙwashe, kada ka yi jayayya da ita. Sa guntun katako a ƙarƙashin kan guduma ka zare ta. Gam ɗin da ya ɓullo ka share shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma, don inda ya bushe banish ba ya kamawa. Ajiye kujerar ta kwana. A hana yara gwada ta.

Gogewa da banish

Washegari ɗora ta a wuri mai daidaito, kamar tayil. Idan tana rawa, dugadugai biyu na gicciye ne suka fi tsawo. Shimfiɗa samfefa mai lamba 80 a ƙasa, ka riƙa goga su kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Kada ka kama zarto da zafin rai. Gurguwata haka na yi ta rage mata wannan ƙafa da waccan har ta kusa komawa faifai.

Nutsar da kawunan ƙusoshi da wata babbar ƙusa da ka dakushe. Kwaɓa garin katakon da ka tara da ɗan gam, ka cike ramukan, ka bari ya bushe. Naɗe samfefa a jikin guntun katako, ka bi jijiya, kada ka gicciye ta, domin kowane karce zai fito fili a ƙarƙashin banish. Fara da 80, ka koma 120, ka ƙare da 180. Kashe kaifin duk gefuna da kusurwoyi. Su ne ke yaga zani, su ne ke fasa goshin mai rarrafe. Ka ɗaura ƙyalle a hanci yayin gogewa.

Kaɗe ƙura tas. Shafin farko ka tsinka banish da ɗan tina don ya shiga jiki. Idan ya bushe za ka ji katakon ya yi kaushi. Bi shi da 180 sama-sama, ka share, ka yi shafi na biyu, in so samu ne har na uku. Siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda ke zuba hawaye ya ƙi bushewa. Kada ka manta ƙasan dugadugai, domin kujerar wanke-wanke a cikin ruwa take rayuwa, kuma ta nan ruɓa ke shiga. A hunturu ka yi shafin da safe a rumfar da ƙura ba ta kaɗawa, da damina kuma ka ƙara masa lokacin bushewa. Banish da tina suna kama wuta, a nisanta su da murhu. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katakon rufi saboda gara ba na kujera ba ne. Zai bi zani ya ɓata.

Ragowa ma kyauta ce

Kada ka kai guntayen da suka saura murhu. Siririn da ya fita daga gefen saman kujera, mai tsawon inci 14, idan ka goge shi ka jera masa ƙugiya huɗu, ya zama maratayin makullai da carbi. Guntaye biyun da suka fita daga gefen ƙafafu, ka haɗa su ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ka samu 'yar kantar bango ta ajiye kwalbar turare ko waya.

Wanda ya saura bayan maɗaurai kuwa, tsawo inci 12, faɗi kusan 7, girman allon ƙaramin yaro ne. A kai wa mai inji ya rage kaurinsa zuwa rabin inci, ka zana masa wuya da kai a sama, ka yanke, ka goge har ya yi sumul. Fuskar rubutu ba a sa mata banish, domin tawada ba za ta zauna ba. Allon asali da icen aduwa ake sassaƙa shi, naka ba zai kai shi santsi ba, amma ya ishi mai fara babbaƙu, kuma yaro ba ya manta wanda ya yi masa allonsa na farko.

Kujerarka ta farko ka bar ta a gida, ta riƙa nuna maka inda ka kauce. Ta biyu za ta fi ta, ta uku ita ce za ka naɗe ka kai gidan amarya. Daga nan idan ka tsawaita sama da maɗaurai, ka ƙara wa ƙafafu tsayi, ka yi bencin ƙofar gida. Guntayen nan biyar ne dai ba su canja ba. Gurguwa tana nan a kicin ɗinmu har yau, da ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Na sha cewa zan kai ta murhu, uwargida ta hana, wai duk cikin kujerun gidan ita ce ta fi dacewa da tsayin tukunyarta.